So Daban, Ɗoki Daban

Ni ba na iya jira. Idan na ɗora ruwan shayi sai na buɗe murfin tukunya sau uku kafin ya tafasa. Idan na hau napep direba ya tsaya gaisawa da wani, sauka nake in ƙarasa a ƙafa. A gidanmu na haya da ke Abakpa a Kaduna kowa ya san halina, uwar azarɓaɓi suke ce mini. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumiyar da Allah ya haɗa ɗaki ɗaya da yayata a shekarar da ta daina tashi.

Yaya ta girme ni da shekara shida. Kafin ta yi ciwo, ita ce mai ɗaura wa matan layinmu ɗankwali. Ranar biki tsakar gidanmu cika take tun hantsi. Ki kawo mata ashoke mai tauri kamar kwali, ta kama shi ta lanƙwasa, ta jera masa layi-layi, ta soka fil biyu, ki duba madubi ki ga wata hajiya tana kallonki. Tana ɗauri tana zagin kawunan mutane. Ta ce wa wannan goshinta ya isa a buga ƙwallo, ta ce wa waccan ƙeyarta ta riga ta zuwa gidan bikin. Ba mai jin haushi. Wadda ba a zaga ba ma sai ta ga kamar an rage mata wani abu.

Sai ciwo ya zo. Ta fara jin muryoyin da mu ba ma ji, tana cewa da ita ake a rediyo. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, daga baya aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, suka ce sunan ciwon sikizofireniya. Har yau Baba bai iya faɗin sunan ba, "abin nan nata" yake cewa. Magani ya karɓe ta. Cikin 'yan watanni muryoyin suka yi shiru, ta dawo tana barci, tana gane kowa, ta daina tsoron rediyo. Muka yi hamdala, muka ce an warke.

Sai dai ta zauna. Iyakar abin ke nan, ta zauna. Da safe za ta fito ta sami tabarma a bakin ƙofar ɗakinmu, nan rana za ta same ta, nan za ta bar ta. Ba kuka take ba, ba ɓacin rai a fuskarta.

"Yaya, ruwan wanka ya huce."

"To."

Bayan awa guda in dawo in same ta yadda na bar ta, da soso a gefenta inda na ajiye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, in kika ajiye mata tuwo a gaba za ta cinye tas, har ta ce miyar ta yi daɗi. In kika kunna mata fim a waya za ta yi dariya inda ake dariya. To mutumin da ke cin tuwo yana dariya, me ya hana shi ɗaukar tsintsiya? Ni nake shara, ni nake ɗebo ruwa, ni nake wanke kayanta da nawa. Wata rana na tsaya a kanta na faɗa mata.

"Ke malalaciya ce kawai. Ciwo ya tafi, kin riƙe masa gurbi."

"To."

"Ki rama mana. Ki yi faɗa."

"Ke kin iya," in ji ta. "Yi mana mu biyu."

Kullum Baba ya dawo daga ofishin da yake tuƙi a Doka, kafin ya cire takalmi na kai masa ƙara. Yaya ba ta yi kaza ba, Yaya ba ta yi kaza ba. Ban san tarawa yake ba. Wata Lahadi bayan la'asar ya kira Mama da ni ya ce ya yanke shawara, za a kai Yaya ƙauye wajen Gwaggo, yayarsa, can gaba da Funtuwa. Ya ce a can akwai daka, akwai surfe, akwai rijiya mai nisa, jikinta zai saki. Zaman birni ne ya sangarta ta. Ya riga ya yi magana da wani abokinsa direba a tashar Kawo, ranar Lahadi ta uku zai zo ya ɗauke ta.

Na san Gwaggo. Tun zuwanta dubiya ta ce ƙwayoyin asibitin nan ne ke kashe wa yarinya jiki, da ita ce da ta zuba su a masai. In Yaya ta je can, sati ɗaya ba za a yi ba maganin zai ɓace, muryoyin su dawo, kuma ba asibiti kusa. Ga shi bakina ne ya jawo. Na ce, "Baba, ai ni ba haka nake nufi ba." Ya ce, "Wata shida kina nufin haka."

Ranar Litinin ita ce ranar ganin likitanta, ni nake raka ta. Bayan an duba ta an rubuta magani, sai wata ƙaramar likita ta roƙe mu mu ɗan tsaya. 'Yar kudancin Kaduna ce, Hausarta irin ta cikin gari, mai sauri, ba ruwanta da na mace da na namiji. Ta ce bincike take yi a kan masu irin wannan ciwo, tana da tambayoyi a takarda, in Yaya ta yarda. Yaya ta ce to. Ni dai agogon bango nake kallo.

"Kina son zuwa biki?"

"Ina so."

"Kina son hira da ƙawaye?"

"Ina so."

"Kina son sana'arki ta hannu?"

"Ina so."

Likita tana ta sa alama. A tambaya ta biyar na kasa daurewa.

"Likita, ki yi haƙuri, ƙarya take miki. Biki uku aka yi a layinmu ba ta leƙa ba. Ƙawayenta sun gaji sun daina zuwa. Rabonta da taɓa ɗankwali shekara biyu. Ki goge."

"Ba ƙarya nake ba," in ji Yaya. A hankali ta faɗa, tana kallon tebur. Rabon da ta musa mini magana har na manta.

Likita ta ajiye biro. Ta dubi takardar, ta dube mu, sai ta fashe da dariya ta dafe goshi.

"Wallahi laifina ne. Mutum nawa na tambaya, kowa ina so, ina so, har na fara cewa marasa lafiyana sun fi ni lafiya. Da Turanci aka rubuta takardan nan, ni na juya shi. A can kalma biyu ne daban, ni kuma duk na sa musu so."

Ta jawo kujerarta kusa da mu. Ta ce akwai daɗin da mutum ke ji lokacin da abu ke bakinsa ko hannunsa. Akwai kuma wanda yake ji tun abin bai iso ba, shi ne mai tayar da shi daga tabarma ya nufi abin. "Wannan na biyun, me kuke ce masa da Hausan gaske?"

"Kwaɗayi," na ce.

"Wannan na nama ne," in ji Yaya.

"Marmari?"

Likita ta karkata kai, ba ta gamsu ba. Ta ce, "Kamar yaro ana gobe Salla, an karɓo ɗinkinsa, ya kasa zama wuri ɗaya."

"Ɗoki," na ce. "Ai ɗoki ke nan."

Ta sa na maimaita, ta rubuta, na gyara mata ƙugiyar da ke kan harafin farko. Ni da na sha da ƙyar a jarrabawar Hausa ta gama sakandare, ga ni ina gyara wa likita rubutu. Sai ta juya wajen Yaya.

"Kina ɗokin zuwa biki?"

Yaya ta yi kamar mai laluben abu a cikin jaka.

"A'a."

"Kina ɗokin ɗauri?"

"A'a. In na tuna shi ba na jin komai. Kamar in tuna bango."

"In kuma yana hannunki fa?"

"Ban sani ba. Bai zo hannuna ba."

Nan likita ta yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa duk wanda ya tsaya. Ta ce masu bincike suna sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba don neman ƙari ko rauni ba, don su ga wane sashe ke magana da wane. Akwai wani wuri can ciki mai cewa abu kaza zai yi daɗi. Akwai wani a gaba, bayan goshi, mai tsara yadda za a tashi a yi. A wajen da yawa daga masu wannan ciwo da suka rasa kuzari, an ga maganar da ke tsakanin wuraren biyu ta yi rauni.

"Kawo yana nan, Kasuwa yana nan," in ji ta. "Ba wanda ya rushe. Motoci ne suka yi ƙaranci a tsakani."

Ta ce ba a gama gane abin ba, ana kan bincike. Maganin da ke kashe muryoyi bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, wani lokaci ma yakan ƙara nauyin jiki, shi ya sa ake duba adadinsa, amma kada a kuskura a daina sha.

"To me za a yi?" na ce. "Ni a ba ni abin yi."

"Ki daina tambayanta ko tana so. Amsan gaskiya ne, amma ba zai tashe ta ba. Ki kawo abin kusa da hannunta. Ƙarami, guda ɗaya, lokaci ɗaya kullum. Sai ki jira."

"Wato ni ce napep ɗin."

"Napep mai haƙuri," in ji likita.

"An shiga uku," in ji Yaya.

A hanyar gida na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Na ce miki ina so, kin ce ƙarya." Ban iya ba da haƙuri ba, bakina bai saba ba. Sai na tsayar da mai dafaffiyar gyaɗa na saya, na ɓare na riƙa zuba mata a tafin hannu har muka iso.

Da yamma na kwashe wa Baba duka, da Kawo da Kasuwa da goshi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce likitoci akwai iya zance, amma magana tana nan yadda take.

Washegari na yi nawa irin aikin. Na jawo akwatin kayan ɗaurinta na juye a kan tabarma, ashoke, leshi, atamfa, kwalin fil, madubi, na ce bisimilla. Ta dubi tulin kamar an sauke mata yashi a ƙofa. Har azahar ba ta taɓa ko zare ba. Na kwashe ina ƙunƙuni. Mama ta ce, "Guda ɗaya aka ce miki. Ke ko kunnenki ma sauri yake."

Ranar Laraba bayan mun karya, na ɗauko kujera 'yar tsugunno na ba ta ta zauna, ni kuma na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta na juya mata baya. Na miƙa ɗankwali guda ta kan kafaɗata na ajiye a cinyarta. Na rufe bakina.

A rayuwata ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Na ƙirga tururuwan da ke bin gindin bango. Na karanta rubutun da ke jikin bokiti daga farko zuwa ƙarshe, na sake karantawa daga ƙarshe. Ƙafata ta yi sanyi. Magana ta taho har maƙogwaro na haɗiye ta, ta sake tahowa. Ina shirin tashi ke nan na ji hannu a kaina.

"Kanki kamar gwanda," in ji ta. "Ta ina mutum zai fara?"

Na farkon bai yi kyau ba, ya karkace kamar rumfar mai shayi. Ita da kanta ta ja tsaki ta warware ta sake. Da ta gama na juyo, na ga fuskarta irin ta dā, leɓe a cije, ido a kan aiki. Na ce, "Ya yi daɗi?" Ta ce, "Ya yi." Haka na tafi famfo da ɗaurin uwar amarya a kai da zanen wanke-wanke a ƙugu, yaran layi suna yi mini guɗa.

Muka ci gaba kullum bayan karin kumallo. Kada in yi ƙarya, ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da na zauna har inuwa ta bar mu hannunta bai motsa ba, na tashi na zaga bayan gida na zazzage wa bango abin da ke bakina, na dawo da fara'a. Kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kirana da kanta ta ce zo in ɗaura miki ba. Sai an kawo kai.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, Maman 'yan biyu, malamar firamare ce, mun tashi mun gan ta a gidan. Ita ce ta fara tanka mini.

"Wace amarya ce wannan ke kankare tukunya kullum?"

Na gaya mata komai, na ce in tana so a yi mata na zuwa coci, sharaɗi ɗaya ne. Kada ta tambaya. Ta zauna, ta ajiye ɗankwali a cinyar Yaya, ta yi shiru.

"Ke ce yau ke koya wa mutane shiru?" in ji ta. "Lallai na daɗe a duniya."

Lahadin farko ta zo ta zauna. Ta makara, sai da aka yi nisa da waƙa ta shiga coci, amma ta ce duk matan bencinsu wuyansu ya gaji da waiwaye. Lahadi ta biyu ta zo da ƙawarta. Ita ƙawar ba ta ji sharaɗin da kyau ba, ta tsaya a kan Yaya cikin ladabi ta ce, "'Yata, kina so ki ɗaura mini?" Yaya ta ce tana so. Matar ta tsaya da ɗankwali a hannu tana murmushi, Yaya tana zaune tana murmushi, har na fito daga wanka na same su a haka. Na danna kafaɗar baiwar Allah ta zauna.

Lahadi ta uku ta zo. Tun daren Asabar Mama ta haɗa kayan Yaya a jaka, tana yi tana jan hanci wai mura. Direba zai iso ƙarfe tara. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci sai ga Maman 'yan biyu da mata huɗu na zumuntar cocinsu, duk da anko iri ɗaya, kowace da ɗankwalinta a ninke. Ba zan ɓoye ba, ni na haɗa abin. Suka jeru a benci tsit kamar masu jiran allura.

Ana kan ta biyu Baba ya fito da jakar a hannu. Ya tsaya. Yaya na da fil a baki, ta danne kan wata dattijuwa da gwiwar hannu tana cewa, "Mama, wannan kunnuwan naki sai an yi musu ɗaki daban." Matan suka kwashe da dariya, dattijuwar ta fi kowa. Baba ya ajiye jakar a ƙasa. Ya yafito ni.

"Ke kika shirya wannan."

"Ni ce."

"Ita ta kira su?"

Ƙarya ta zo mini har baki, mai kyau kuwa. Na ce, "A'a, Baba. Ba ta kira ba, wataƙila ba za ta taɓa kira ba. Amma in an kawo kai tana ɗaurawa, kuma tana jin daɗi. A can wa zai kawo mata?"

"Gwaggonki tana da kai."

"Gwaggo ba ta iya shiru ba."

"Ke kin iya?"

"Tana koyo, Alhaji," in ji Maman 'yan biyu daga benci. "Mu ne shaida. Abin tausayi ne a gani, amma tana koyo."

Baba bai yi dariya ba. Ya taka zuwa gaban Yaya ya rage tsawo. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Mamana, mota na hanya. Me kika ce?"

Shiru. Na san wannan shirun, na san tsawonsa, na san in aka katse shi an koma farko. Na cije harshena har na ji gishiri. Matan benci suka sunkuyar da kai. Baba ya jira, ban san ya iya ba. Can Yaya ta zare fil daga bakinta.

"Baba, ka tare mini haske."

Ya matsa gefe.

"Kuma saura mutum uku," in ji ta, ta soka fil ɗin.

Ya ɗan tsaya yana kallon hannunta. Sannan ya laluba aljihu ya fita zaure da waya. Na bi shi a baya, don ni ba a yi mini ɓoyo. Na ji yana cewa, "A'a, cika motarka kawai, yau ba fasinja. E. Zan neme ka." Da ya juyo ya gan ni ya ce, "An ɗage ne fa, ba fasawa aka yi ba." Na ce to. Ya ce in kai jakar ɗaki.

Washegari Litinin ta kasance cikin ranakun da ba a dacewa. Na zauna, na miƙa ɗankwali, hannu bai zo ba. Ga shi Baba bai fita ba tukuna, kuma yana ganinmu ta labule. Ya fito cikin shirin ofis, makullin mota a hannu, ya tsaya a kanmu. Na ce a raina shi ke nan, yau za a sake kiran direban Kawo.

"Tashi," ya ce mini.

Na tashi. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a inda na tashi, a ƙasa, ya juya wa Yaya baya. Ya cire hularsa da karinta ya lalace, ya miƙa ta kan kafaɗa ya ajiye a cinyarta. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta koma, ta sake leƙowa. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu daga ofis bai ɗauka ba.

"Baba," in ji Yaya daga ƙarshe, "ni fa ɗankwali na iya."

"Kai duk kai ne, Mamana."

Ta juya hular a hannunta, ta duba cikinta, ta ce wa ya wanke wannan, an cuce ta. Sannan ta ɗora ta a gwiwa ta fara kama mata kari.